Rubutu a Tekun Babanku

Ranar sunan 'yar da 'yar'uwarku Bilkisu ta haifa, ina zaune a tsakar gida ana hada-hadar rabon waina, na ji ɗaya daga cikin jikokina yana ba 'yan'uwansa labari. Wai kakansu ya taɓa ajiye aljanun ruwa a cikin akwatin gilashi, sai da aka kawo rubutu aka zuba musu suka ƙone. Matan da ke kusa suka kwashe da dariya, ni ma na yi yaƙe don kada a ce tsohuwa ta ɓata taro, amma wainar nan ban iya haɗiye ta ba. Babanku ya kwanta dama, ba shi da bakin kare kansa, ni kuwa da aka yi komai a gabana har yanzu ina numfashi. Saboda haka zan faɗa muku yadda abin ya faru, ku duka, amma musamman ke Hafsatu, autata, don a kan aurenki aka yi.

Kun san mu ba 'yan Suleja ba ne. Daga Zariya aiki ya kawo babanku Abuja, tsadar hayar Abuja kuma ta koro mu nan unguwar Wambai, gidan da muka raba tsakar gida da Maman Ngozi mai sayar da atamfa a babbar kasuwa. Shekara da shekaru yana bin motar asuba, ya dawo bayan isha'i ƙafafu a kumbure. Ina ta addu'ar ranar da zai huta, ashe hutun ne zai fi ba ni tsoro. Da ya yi ritaya sai ya zama kamar an zare masa laka. Ya zauna a kan benci ya ƙura wa bango ido, a kawo abinci ya taɓa kaɗan ya ture. Mutumin da ya saba fara tsokanata tun daga ƙofar gida, sai mu wuni bai ce mini uffan ba. Na ja shi asibiti, suka ce jininsa ya ɗan hau, ban da wannan lafiyarsa ƙalau. Ni dai na san ba ƙalau ba, don ni nake kwashe kwanon.

A shekarar da muka sauke farali, muna jiran jirgi a Jidda, ya taɓa ɓace mana. Aka yi ta cigiya, daga ƙarshe aka same shi a wani shago, tsaye gaban wani bangon gilashi cike da ruwa, da kifaye masu launi kamar an rina su, da wasu abubuwa masu kama da furanni suna rausaya. Bakinsa a buɗe kamar ɗan ƙauye ya shigo birni. Ni na manta da zancen tun a jirgi, shi ashe bai manta ba. Wata rana bayan ritayar sai na lura ya daina kallon bango ya koma kallon waya, wasu mutane suna ta bayani a kan ruwa da duwatsu. Ba a daɗe ba Keke Napep ya tsaya a ƙofar gida, aka sauko da akwatin gilashi, girmansa bai fi akwatin lefe na tsakiya ba.

"Malam, wannan fa?"

"Teku zan haɗa."

"A Suleja?"

"A ɗakin ajiya. Ki kwashe tukwanenki."

Na kwashe, ina gunaguni a baki, ina godiya ga Allah a zuci, don rabon da ya jera mini magana haka har na manta. Da ya ce ruwan gishiri za a yi, na ɗauko masa gishirin miyata da kyakkyawar niyya. Kallon da ya yi mini, sai ka ce na miƙa masa guba. Nasa gishirin daga Legas aka aiko shi a bokiti mai murfi. Ruwan ma ba na mai ruwa ba, ba na rijiyar burtsatse ba. Wata 'yar na'ura ya ɗaura a bayan ɗaki tana tace shi ɗigo-ɗigo, kafin jarka ta cika har kin gaji da leƙawa. Ya dama gishirin, ya ɗiga ruwan a kan wani ɗan abin awo, ya kanga a ido yana kallon rana, ya ƙara, ya rage. Sai ga yashi fari tas. Sai ga duwatsu masu ramuka naɗe a jiƙaƙƙiyar jarida, suna ƙarnin da ya kori kuliyar Maman Ngozi daga tsakar gida. Ya jera su, ya rushe, ya sake jerawa, ya sa wani ɗan injin da ke kaɗa ruwan, ya rataya fitila mai shuɗin haske a sama. Na gyara tsayuwa ina jiran kifi. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa, wata ya kama hanyar ƙarewa, babu abin da ke cikin akwatin nan sai dutse da ruwa.

"Malam, ina kifin?"

"Ruwan bai nuna ba."

"Ruwa mangwaro ne da zai nuna?"

Ya yi dariya, dariya sosai har da riƙe ciki, ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, sai sun hayayyafa a cikin ramukan dutsen, su ne za su riƙa cinye ƙazantar kifi. In aka yi gaggawa aka sa kifi kafin su yawaita, kashinsa ne zai kashe shi. Na ce to, Allah ya nuna mana nunar ruwa.

Da lokaci ya yi, da katantanwa ya fara, don su share gansakukar da ta fito. Bayan su aka kawo kifi biyu ruwan lemo masu farar ɗamara, ba su fi ɗan yatsana ba, kullum suna tare kamar ango da amarya. Sai jatan lande ɗaya mai jan baya da dogon gashin baki, wanda in kifi ya matso sai ya hau shi yana tsince masa datti. Sannan aka zo kan murjani. Ni a sanina murjani abin wuya ne, irin jan nan da kakata ta bari. Ashe halitta ce mai rai, a manne take da dutse, tana buɗewa in ta ji daɗi, tana tsukewa in an taɓa ta. Ya sa ƙanana guda-guda, yana barin tazara. Na ƙarshe shi ne kore, mai rassa kamar citta, a kan kowane reshe akwai tsoka mai yatsu-yatsu da ke kaɗawa a ruwa. Wannan bai yarda a aiko shi ba. Da kansa ya tafi Legas, ya dawo da shi a cikin kula a kan cinyarsa, bai ko sauka cin abinci a hanya ba don kada a buge masa. Ya ɗora shi a kan dutsen da ya fi tsawo, ya ce irinsa ne ya tsayar da shi a Jidda.

To amma tekun nan ya zo da dokoki, kuma dokokin ne suka ja mana. Ba a shiga ɗakin da turare a jiki. Ba a fesa maganin sauro ko a kusa da tagar. Turaren wuta kuwa, ni da na tashi a gidan da ba a tarbar baƙo sai da kasko, aka ce in riƙa yi can ƙuryar ɗakina in rufe ƙofa. Ya ce man turare ko maganin ƙwari kaɗan ya faɗa ruwan, sai a wayi gari an yi asara. Ya sa wa ƙofar kwaɗo saboda yaran maƙwabta, ya rufe tagar da baƙin yadi saboda zafin rana. Ya sa sola da batir don injin kada ya tsaya in an ɗauke wuta. Lokacin bazara fankarmu guda ɗaya aka mayar da ita tana hura saman ruwa, mu muna fifita da murfin kwano, shi yana jefa gorar ƙanƙara a ciki yana duba zafi. Na yi mita, ba zan ce ban yi ba. Amma mutumin ya koma cin abinci har da neman ƙari, yana tashi da ƙarfinsa, yana yi wa kifayen nan sallama da safe. Saboda haka na yafe wa tekun fankar.

A cikin wannan shekarar Mukhtar ya fito neman Hafsatu. Yaro mai hankali, malamin makaranta, ita ma tana son sa, ba ta iya ɓoyewa. Su 'yan asalin gari ne, gidansu can wajen Fada, irin gidajen da kowa ya san kakan kakansu. Manya suka zo gaisuwa, aka karɓe su hannu bibbiyu, aka ce za a dawo a sa rana. Kun san kuma kafin sa rana sai an yi bincike. Da a Zariya ne, da dangi sun isa shaida. A nan kuwa ba mu da kowa, asalin ɗan haya shi ne abin da maƙwabtansa suka faɗa a kansa. Aka ɗaga zuwan sau ɗaya, aka ce wani kawu ya yi tafiya. Aka sake ɗagawa, ba a ma ba da dalili ba. Mukhtar ya rage zuwa, in ya zo ya tsaya a zaure yana sunkuyar da kai. Hafsatu, ke kin san yadda kika koma. Zanen da kike ɗaurawa sai da ya riƙa zagaye ki har da saura. Ni kuma ko sallama aka yi a ƙofa sai in zaci an zo fasawa ne. Na bi laifinmu ɗaya bayan ɗaya a zuciyata ban gano ba, har ranar da Maman Ngozi ta same ni ina tsintar shinkafa, ta jawo kujera.

"Maman Hafsat, abeg, kar ka yi fushi da ni. Wasu mata sun zo shago, sun tambaya gidanku."

"Me kika ce musu?"

"Na ce mutanen kirki ne, wallahi na ce. Amma sun tambaya ɗakin da yake kulle. Na ce ni ban shiga ba o, amma akwai shuɗin wuta, kuma Oga yana gaishe da ruwa da safe. Na ce a garinmu in mutum ya yi haka, Mami Wata ne, aljani na ruwa. Wasa na yi, amma ba su yi dariya ba."

Na ajiye tiren shinkafar. Daga baya na ji sauran. A masallaci babanku ya taɓa gaya wa mutane yana jiran halittun da ido ba ya gani su zauna a dutse. Wani ya ga an shigo da kula daga Legas. Wata ta ce gidan da aka hana hayaƙi ai an san abin da ake gudun kora. Kowa ya kawo nasa aka haɗa, aka kai gidan su Mukhtar cewa Alhajin Wambai ya ajiye 'yan ruwa, kuma irin wannan ajiya ba a yin ta sai da alkawari, wa ya sani ko da 'yar aka yi. Da na gaya wa babanku, dariya ya fara yi, sai ya ga fuskata ya daina. Na ce masa ko dai ya buɗe ɗakin nan, ko ya shirya zama da 'yarsa a gida tana kuka. Ya ce a buɗe, duk wanda ke so ya zo ya gani.

Wadda ta zo ita ce Gwaggo Asabe, yayar mahaifin Mukhtar. A gidansu in ta ce e, an gama, in ta ce a'a, ko ƙaninta ba ya ɗaga kai. Sana'arta haɗa humra da turaren wuta na amare, rabin amaren garin nan da ƙamshinta aka kai su. Ta iso bayan la'asar ranar wata Litinin, doguwa, ba fara'a, da jaka a hammata. Muka gaisa, ta ƙi taɓa lemon da na ajiye. Babanku ya buɗe kwaɗon, ya roƙe ta cikin ladabi ta ajiye mayafinta na sama a waje saboda turare, ya ce man turare yana kashe abin da ke ciki. Na ga ta ɗaga gira, ta dube ni, ta ajiye. Ta shiga da bisimilla a bayyane, ta tsaya nesa da akwatin. Kifayen suka taso gaban gilashi suna zaton abinci ne, koren murjanin nan yana ta kaɗa yatsunsa. Babanku ya shiga bayani, gishiri, dutse, katantanwa. Ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta zuge jaka ta fito da wata 'yar kwalba cike da baƙin ruwa.

"Alhaji, ni ban iya wannan dogon turancin ba. Ga rubutu na karɓo wajen malaminmu, ayoyin tsari ne. A zuba a ciki. In halittar Allah ce kawai, ayar Allah ba za ta cuce ta ba. In kuma akwai wani abu, za mu gani. Ranar Juma'a zan dawo."

Ina ganin kwalbar nan na gane ta. Kowace mace ta san ta: kwalbar humra ce, irin mai dogon wuya. An wanke ta, na yarda, amma kwalbar humra ko an kwana ana wanke ta man ba ya barin ta. Ta miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu, ya cire murfin. Hafsatu, a nan ne abin da ba ki sani ba. Kina bayan labulen ɗakina a lokacin, ƙafafunki kawai ake gani. Kin ɗauka bai lura ba, kin ɗauka tsautsayi ne. Ina tsaye dab da shi, na ga hancinsa ya motsa, na ga ya runtse ido. Ya ji ƙamshin sarai. In ya ƙi zubawa, an tabbatar yana ɓoye wani abu. In ya ce kwalbar ce ba ta da kyau, ya ƙaryata babbar suruka a cikin gidansa, kuma za a ce dabara ce. In ya zuba suka mutu, an ce aya ta ƙone su. Ya dubi koren murjanin, ya juya ya dubi ƙasan labulen nan. Sannan ya yi bisimilla ya tuntsurar da kwalbar gaba ɗaya, har ɗigon ƙarshe.

Baƙin ya bazu ya narke, wani maiƙo mai walƙiya ya kwanta a saman ruwan. Kafin Gwaggo ta mayar da kwalbar jaka, murjanan suka fara tsukewa ɗaya bayan ɗaya, koren ya janye yatsunsa har sai da ƙashinsa ya bayyana. Kifayen suka shige bayan dutse.

"To," in ji ta. "Kun dai gani."

"Ko hannu aka sa musu haka suke yi, Hajiya. Allah ya kai mu Juma'ar," in ji babanku.

Ban san yadda na raka ta ƙofa ba. Da na dawo na tarar ya tuɓe babbar riga, yana shimfiɗa takardar goge hannu a saman ruwa yana ɗagawa, tana fitowa da maiƙo. Na ce, Malam, ba cire rubutun kake yi ba kuwa? Ya ce ayar ta riga ta shiga ko'ina, man yake kwashewa, kuma ko a gaban Gwaggo zai faɗi haka. Ya ce a kira ki. Ke kika riƙe tiyo ana zuƙe ruwan a bokiti, ni ina dama sabon ruwan gishiri da sabuwar muciya, ni da na rantse ba zan taɓa yi wa kifi bauta ba. Ya zuba gawayin tace ruwa a cikin safa ya rataya a bakin injin. Matsalar ita ce ba a canja ruwan duka lokaci ɗaya, sai kaɗan-kaɗan, na'urar tacewa kuma ba ta san ana sauri ba, ga bokitin gishiri ya kusa kai ƙasa. Washegari da safe muka tarar da jatan landen a kwance a kan yashi, ƙafafu sama. Babanku ya ɗauke shi da cokali. Kifayen suna sama suna haki. Kafin azahar gishiri ya ƙare.

Maman Ngozi ce ta fitar da mu, Allah ya saka mata. Tun da ta ji abin da wasanta ya jawo ba ta da sukuni. Ta leƙo ɗakin a karo na farko, ta ga abin da ake ta magana a kai, ta dafe kai ta ce, "Chineke, kifi ne kawai!" Nan take ta kira ƙaninta da ke lodin manyan motoci a Legas, babanku ya kira mai shagon da ke aiko masa gishiri, aka haɗa su. Ranar Laraba da hantsi ta hau acaba da kanta ta je bakin titi ta karɓo bokitin, ta shigo da shi a ka. Kwanakin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. In na idar da salla sai in zauna a kan darduma in rasa me zan roƙa: a raya kifi, ko a raya aure? Sai na ga ai duk roƙo ɗaya ne. Ran Alhamis kifayen suka sauko suka karɓi abinci, ƙananan murjanan suka fara leƙowa kamar masu jin kunya. Koren kuwa tsokarsa ta riƙa saɓulewa tana bin ruwa. Safiyar Juma'a babu abin da ya rage a kan dogon dutsen sai farin ƙashi mai rassa, fari fat, a wurin da ido ke fara sauka.

"Malam, cire shi. Ka sa wani dutsen a wurin. Sau ɗaya ta gani, ba za ta tuna ba."

"Za ta tuna. Ko ba ta tuna ba, in na ɓoye abu ɗaya a ɗakin nan, na zama abin da suke faɗa."

Na yi magiya, na yi fushi, har na ce masa taurin kansa zai kashe wa yarinya aure. Ya ci gaba da goge gilashi. Da aka sauko daga masallaci na tura ki kicin na ce kada ki fito sai na kira, don ban so a yanke hukuncin a kan idonki.

Gwaggo ta zo, ta ajiye mayafin da kanta ba a roƙe ta ba. Wannan karon ta matsa kusa. Kifayen suka taso, babanku ya ba ta ɗan abincinsu a murfin kwalba ta barbaɗa, suka wawashe. Ta bi murjanan da kallo, duk sun buɗe. Sai idonta ya tsaya inda na san zai tsaya.

"Wannan kore ne ran Litinin."

"Kore ne, Hajiya. Ya mutu. Da jatan lande ɗaya."

Na jira ya kare kansa, shi kuwa sai ya karɓi murfin ya rufe kwalbar abincin. Gwaggo ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta tsaya, ta ɗaga hanci. A bayan ƙofa akwai bokitin da muka tara takardun da aka kwashe maiƙon da su, da tsohon gawayin. A rikicen kwanakin nan ba wanda ya tuna ya zubar. Ta taka ta je, ta sunkuya, ta ɗauki takarda ɗaya ta shinshina. Macen da ta shekara arba'in tana haɗa turare ba ta buƙatar a gaya mata.

"Wannan ai haɗina ne."

Ta daɗe a tsaye da takardar a hannu. Ta zuge jakarta, kwalbar tana nan ciki, ta cire murfin ta kai hanci, ta mayar a hankali.

"Na wanke ta da omo da ruwan zafi," in ji ta, kamar da kanta take magana. Sannan ta juyo. "Alhaji, ka gaya mini tun a ƙofa turare yana kashe su. Da na ba ka kwalbar, ka ji ƙamshin?"

"Na ji."

"Ka kuma zuba?"

"'Yata ce, Hajiya."

Gwaggo Asabe ta nemi wuri ta zauna a kan bokitin gishiri, ita da ba ta zauna a kujerar falona ba. Ta kalli farin ƙashin nan ta kalli babanku. Can ta ce mini, "Maman yara, ina lemon nan na ran Litinin? Ƙishi nake ji." Na fita da gudu kamar yarinya, na tsaya a tsakar gida na fashe da kukan da na riƙe tun farkon mako, Maman Ngozi tana bubbuga bayana tana tambaya ko an fasa ne. Ranar Lahadi maza suka zo da goro da alewa aka sa rana. Humrar da aka kai ki da ita, Hafsatu, Gwaggo ce ta haɗa, ta kuma ƙi karɓar ko sisi.

Maganar gari ba ta mutu gaba ɗaya ba, kun dai ji inda ta kai. Gwaggo ta faɗi gaskiya, cewa kifi ne kawai, ga duk wanda ya tambaye ta har ta koma ga Allah, amma labarin aljanu ya fi daɗin bayarwa. Babanku ya ci gaba da tekunsa shekaru, ya sake sayen jatan lande, ƙananan murjanan suka yaɗu har yana yanka yana kyauta. Kan dogon dutsen nan kuwa bai sake ɗora komai ba. Na sha ce masa ya koma Legas ya samo wani koren, sai ya ce wurin ba fanko ba ne. Ya hana ni gaya miki ya ji ƙamshin, wai kada ki shiga gidan miji da nauyin abin a zuciya. Na riƙe masa har ya tafi, na ƙara da wasu shekaru a kai.

Farin ƙashin yana nan a cikin adakata, naɗe a hularsa. Yaron da na ji yana ba da labarin aljanu ranar suna kuwa naki ne, Hafsatu, babban, wanda kuka sa wa sunan babanku. Ban tsawata masa ba, abin da ya ji ya faɗa. In za ku zo ranar Juma'a ki taho da shi. Ina so in sa masa abin a tafin hannu, in gaya masa da bakina abin da kakansa ya zuba don a haife shi.